Kuɗin Amincewa da Zanen Gidajen Masana'anta a Amurka: Tambayoyi da Amsoshi

A Amurka akwai miliyoyin gidaje da ba a filinsu aka gina su ba. A masana'anta ake haɗa su, a ja su a kan titi zuwa inda za a zauna. Sufeton ƙaramar hukuma ba shi da halin leƙa cikin bangon da aka riga aka rufe a wata jiha, don haka sai gwamnati ta koma duba zanen tun kafin a yanka katako, ta kuma sa ido a cikin masana'antar kanta. Tambayoyin da ke ƙasa sun shafi kuɗin wannan aiki, da wanda ke biyansa, da inda ake samun tangarɗa.

Wane irin gida ake nufi? Duk ɗaya ne a wajen doka?

A'a, iri biyu ne, kuma kuɗin kula da su ba hanya ɗaya yake bi ba.

Na farko shi ne gidan da ake ginawa a kan shasin ƙarfe na dindindin, wanda ake sa wa taya a ja shi. Wannan yana ƙarƙashin gwamnatin tarayya, a hannun ma'aikatar gidaje da raya birane da ake kira HUD. Majalisar Dokokin Amurka ta yi dokarsa a 1974, ƙa'idojin ginin kuma suka fara aiki ranar 15 ga Yuni, 1976. Dokar ta shafi ginin da faɗinsa ya kai ƙafa 8 ko tsawonsa ya kai ƙafa 40 a lokacin da ake jansa, ko wanda girman ɗakunansa ya kai murabba'in ƙafa 320 bayan an kafa shi. Ƙa'idar tarayya ta rinjayi ta jiha a kan duk abin da ta yi magana a kai, wato jiha ba za ta ce sai an yi bangon gidan yadda take so ba.

Na biyu shi ne ginin da ake ƙerawa ɗaki-ɗaki ko sashe-sashe, a ɗauko a tirela, a ɗora a kan harsashi kamar kowane gida. Makarantu, ofisoshi, otal da gidaje masu hawa duk ana yin su haka. Babu ƙa'idar tarayya a kansu. Yawancin jihohi suna da dokarsu, kuma ƙa'idar ginin da ake bi ita ce ta inda za a kafa ginin.

Wa ke amincewa da zanen? Ma'aikatan gwamnati ne?

Yawanci ba su ba ne, kuma nan ne mutane ke yawan ruɗewa. HUD ba ta zaunar da injiniyoyinta suna duba kowane zane. Tana ba wasu hukumomi lasisi ne, mafi yawansu kamfanonin injiniya masu zaman kansu, wasu kuma na jihohi. Masu duba zane ana kiransu DAPIA. Masu shiga masana'anta su duba yadda ake aiki ana kiransu IPIA. Mai masana'anta shi ke zaɓar mai duba masa zane, ya ƙulla yarjejeniya da shi, ya biya shi kai tsaye. Jiha na iya cewa ita kaɗai za ta riƙa duba masana'antun da ke cikinta, amma ba ta da ikon keɓe wa kanta aikin duba zane.

Me ake dubawa a cikin zanen?

Abin ya wuce taswirar ɗakuna. Mai masana'anta zai miƙa zanen shasi, daɓe, bango da rufi, da irin katakon da girmansa, da tazarar ƙusoshi. Zai haɗa da lissafin injiniya ko sakamakon gwaji da ke nuna ginin zai ɗauki nauyin da aka ce. Zai kawo zanen wayarin, bututun ruwa, bututun gas, na'urar ɗumama da sanyaya ɗaki, da lissafin zafin da ke fita ko shiga ta bango da tagogi. Sai kuma littafin umarnin kafa gidan a fili.

Ƙa'idar ta raba ƙasar shiyya-shiyya. Ta fuskar iska akwai shiyyoyi uku, ta biyu an gina ta kan iska mai gudun mil 100 a sa'a, ta uku mil 110. Ta fuskar nauyin da rufi zai ɗauka, musamman dusar ƙanƙara, akwai fam 20, 30 da 40 a kan kowace murabba'in ƙafa. Ta fuskar zafi da sanyi ma shiyyoyi uku ne. Samfurin gida guda da ake son sayarwa a Florida da Minnesota zai buƙaci lissafi daban ga kowane wuri, kuma kowane lissafi aiki ne da za a biya kuɗinsa.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da su ne ke ceton rai idan gobara ta tashi. Dole a sami ƙofofin fita biyu nesa da juna. Daga ƙofar kowane ɗakin kwana zuwa ɗaya daga cikinsu kada tafiya ta wuce ƙafa 35. Kowane ɗakin kwana da ba shi da ƙofar waje ya kasance da tagar da mutum zai iya fita ta ciki, kuma ƙasan tagar kada ya wuce inci 36 daga daɓe.

Abu na biyu da mai duba zane ke amincewa da shi, wanda ba a cika maganarsa ba, shi ne littafin tabbatar da inganci na masana'antar. A ciki ake rubuta abin da ake yi a kowace tasha ta layin aiki, da binciken da za a yi a wurin, da muƙamin wanda alhakin ke wuyansa. Idan an sami abin da ya saɓa ƙa'ida, mai duba zane zai rubuta rahoto ya mayar a gyara. Idan komai ya yi, sai ya buga hatimi a shafukan. Waɗannan shafuka masu hatimi su ne sufeton masana'anta, wato na IPIA, ke riƙewa yana gwada aikin da su.

To, idan mai masana'anta ne ke biyan masu duba zane, ina kuɗin gwamnati yake tafiya?

Yana tafiya ne wajen duba masu dubawar. Wani babban kaso shi ne kwangilar sa ido: HUD tana ɗaukar ɗan kwangila, wanda wata cibiya mai zaman kanta da ake kira IBTS ta daɗe tana riƙe da aikin, yana karɓar kwafin zanen da aka amince da su, ya zaɓi wasu ya sake lissafinsu, ya kuma tura ma'aikata masana'antu don auna ko sufetocin da ke can suna aikinsu.

Bayan wannan akwai kuɗin da ake ba jihohin da suka yarda su kula da koke-koken masu gidaje. Akwai kuɗin tafiyar da kwamitin ba da shawara kan ƙa'idoji, wanda dokar gyara ta shekarar 2000 ta kafa, mai mambobi 21 masu ƙuri'a: bakwai daga masu ƙerawa da sayarwa, bakwai daga masu amfani da gidajen, bakwai daga jami'ai da sauran jama'a. Dokar ta kuma ɗora wa HUD kula da yadda ake kafa gidaje da sasanta rikici tsakanin mai masana'anta, dillali da mai kafawa a jihohin da ba su da nasu shirin. Duk waɗannan kwangiloli ne da ake biya kowace shekara.

Daga ina kuɗin ke fitowa? Harajin jama'a ne?

Tsarin an gina shi ne don ya ɗauki nauyin kansa. Kowane sashe na gida da za a ja a kan titi sai an maƙala masa wani ɗan jan allon ƙarfe a bayansa, mai girman inci 2 da inci 4, ɗauke da haruffa uku na hukumar da ta duba masana'antar da kuma lambar da ba ta maimaituwa. A kan kowane irin wannan tambari mai masana'anta yana biyan dala 100. Gida mai sashe ɗaya dala 100 ke nan, mai sashe biyu dala 200. Kuɗin yana shiga wani asusu na musamman, amma HUD ba ta taɓa shi sai abin da Majalisa ta amince mata a kasafin shekara, wanda a 'yan shekarun nan yake tsakanin dala miliyan 13 zuwa 14.

Lissafin ba shi da wuya. A ce an ƙera gidaje 100,000 a shekara, rabinsu masu sashe biyu. Sassa 150,000 ke nan, kuɗin tambari kuma dala miliyan 15. Matsakaicin farashin sabon gida irin wannan ya haura dala 120,000 a 2022 da 2023, don haka dala 200 ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari biyar na farashin ba. Duk mai cewa kuɗin tambari ne ya sa gidajen suka yi tsada, bai duba alƙaluman ba.

Sufeton masana'anta ne ke riƙe da tamburan, yana ba da na mako biyu zuwa huɗu a lokaci guda. Wannan shi ne babban makamin da ke hannunsa, domin gidan da ba shi da tambari ba ya sayuwa.

Me ya sa kuɗin ya tashi daga dala 39 zuwa 100 lokaci guda?

Saboda kasuwa ta faɗi alhali aikin bai ragu daidai da faɗuwar ba. A 1998 an fitar da gidaje kusan 373,000. A 2009 ba su kai 50,000 ba. Kuɗin tambari yana nan a dala 39 tun 2002, sai abin da ke shiga asusun ya kasa biyan kwangilolin, har ta kai Majalisa tana cike giɓin daga baitulmali na wasu shekaru. A watan Satumba na 2014 aka mayar da shi dala 100.

Wannan rauni ne na gaske a tsarin, kuma har yanzu bai kau ba. Kuɗin shiga yana bin yawan gidajen da aka ƙera, amma yawancin kuɗin fita ba ya bin wannan. Masana'antar da ke fitar da gida biyu a rana tana buƙatar ziyarar masu sa ido kamar mai fitar da goma. Gidajen da aka sayar a shekarun baya kuma suna nan, koke-kokensu na zuwa. Mafi muni, lokacin da ciniki ya ja baya shi ne lokacin da masana'anta ke rage ma'aikata da neman kaya masu arha, wato lokacin da aka fi buƙatar sa ido shi ne lokacin da asusun ke bushewa.

Nawa jihohi ke samu, kuma yana isarsu?

Jihohi talatin da 'yan kai ne suka karɓi aikin wakiltar HUD wajen karɓar koke da duba kundin masana'antu. An daɗe ana biyansu dala 9 a kan kowane sashe da aka kafa a jihar, da dala 2.50 a kan wanda aka ƙera a cikinta, daga baya aka ƙara kason jihar da ke da masana'antu. Jihar da aka kafa sassa 2,000 a cikinta a shekara za ta sami dala 18,000 ta wannan fuska, abin da bai kai albashin sufeto ɗaya ba. Shi ya sa jihohi ke haɗawa da kuɗin lasisin dillalai da masu kafa gidaje, da kuɗin izinin kafawa. Inda jiha ta ƙi karɓar aikin, HUD ce ke ɗauka da kanta.

Ba hatsari ba ne a ce wanda ake dubawa shi ke biyan mai duba shi?

Hatsari ne, kuma ba a ɓoye yake ba. Kamfanin da ke duba zane ya san cewa idan ya cika tsanani, mai masana'anta na iya komawa wajen wani. Dokar ta yi ƙoƙarin toshe wannan ta hanyoyi kaɗan. An hana hukumar dubawa da ma'aikatanta samun wata alaƙar kuɗi ko mallaka da masana'antar da suke dubawa. An hana su amincewa da zanen da su suka zana. An kuma ba HUD ikon janye lasisin wanda aka kama yana sakaci.

Amma duk waɗannan a takarda suke idan babu wanda ke sake lissafin. Abin da ke sa mai duba zane ya yi taka-tsantsan shi ne sanin cewa wani injiniya da ba mai masana'anta ke biya ba zai iya ɗauko shafin da ya buga wa hatimi ya bi shi layi-layi. Don haka idan ana neman inda za a rage kashe kuɗi, kwangilar sa ido ce wuri na ƙarshe da ya kamata a taɓa. Dalilin a fili yake: gidan da aka gina a fili, idan an yi kuskure, gida ɗaya ne ya lalace. A masana'anta kuwa lamarin kamar tela ne da ya yi kuskure a awon da zai yanka ankon biki da shi, duk rigunan haka za su fito. Zane ɗaya mai kuskuren tazarar ƙusa a rufi zai iya shiga ɗaruruwan gidaje a jihohi da dama kafin iska ta tona asirin.

Me sufeton masana'anta ke yi da ba a yi a matakin zane ba?

Shi ke tabbatar da cewa abin da ke kan takarda shi ake ginawa. Idan masana'anta sabuwa ce, yana bin gidajen farko a kowane mataki har sai ya gamsu cewa ma'aikatan na iya bin littafin inganci, sannan ya ba da shaidar amincewa da masana'antar. Daga nan sai ya koma ziyara, inda dole ya ga kowane gida aƙalla a mataki ɗaya na aikin. Ba ya ganin komai a kowane gida, kuma ya kamata mai saye ya san haka. Gwaje-gwajen kullum, kamar gwajin yoyon ruwa da gas, da gwajin wayarin da ake yi da wuta mai ƙarfin bolt 900 zuwa 1,079 na minti ɗaya, ma'aikatan masana'antar ne ke yi, shi kuma yana duba ko ana yinsu daidai. Gidan da ya ga ya saɓa zane yana rataya masa jar takarda, ba zai fita ba sai an gyara.

Matsalar da aka fi samu a nan ita ce canjin kaya ba tare da sabunta zane ba. Katakon da aka rubuta ya ƙare a kasuwa, sai mai sayen kaya ya kawo wani iri, ko a sauya gam, ko taga, ba a koma wajen mai duba zane ba. Wata matsalar kuma ita ce ma'aikata su ci gaba da aiki da tsohon shafi alhali an fitar da sabo.

Idan aka gano kuskure bayan an sayar da gidajen, wa ke biya?

Mai masana'anta. Dokar ta kasa matsaloli gida huɗu, daga saɓa ƙa'ida kawai har zuwa hatsarin da ke barazana ga rai. Da zarar labari ya iso masa, dole ya bincika, ya kuma gano ko matsalar ta shafi sauran gidajen da aka gina da zane ɗaya ko kaya ɗaya. Idan babbar matsala ce da ta samo asali daga zane ko haɗawa, zai sanar da masu gidajen ya gyara da kuɗinsa. Kuɗin da gwamnati ke kashewa a nan shi ne na ma'aikatan da ke duba kundin koke-koken masana'anta don ganin ko an yi wannan binciken da gaske, ko kuwa an gyara gida ɗaya an yi shiru a kan sauran.

Idan ana son gina abin da ƙa'idar ba ta tanada ba fa?

Sai an nemi takardar izini ta musamman daga HUD kanta, tare da rahoton mai duba zane da ke nuna sabon tsarin bai gaza ƙa'idar ba. Wannan yana cin lokacin ma'aikatan ofishin, waɗanda ba su da yawa, yana kuma jawo ƙarin dubawa a fili. Duk lokacin da ƙa'ida ta tsufa, irin waɗannan buƙatu kan taru. Ɗaya daga cikin dalilan babban gyaran da HUD ta fitar a watan Satumba na 2024, wanda ya ba da damar gina gida mai ɗaukar iyali har huɗu, shi ne rage su.

Sauya ƙa'ida ma da nasa kuɗin. Bayan guguwar Andrew ta 1992 ta ragargaza gidaje a kudancin Florida, an tsaurara ƙa'idar iska a 1994, kuma duk zanen da ake son sayarwa a yankunan gaɓar teku sai da aka sake lissafinsa aka sake buga masa hatimi.

Yaya lamarin yake ga gine-ginen da jihohi ke kula da su?

Ya fi rikitarwa, kuma sau da yawa ya fi tsada. A California sashen gidaje na jihar ne ke kula da su, a Texas sashen lasisi, a jihar Washington sashen ƙwadago da masana'antu. Wasu jihohin suna da injiniyoyinsu masu duba zane, suna cajin kuɗi a kan kowane zane ko kowace sa'a. Wasu suna ba kamfanoni masu zaman kansu lasisi su yi, su kuma su tsaya a sa ido da sayar da tambarin jiha. Wasu ba su da shiri ko kaɗan, sai kowace ƙaramar hukuma ta yi yadda ta ga dama.

Jihar da ke duba zane da kanta tana ɗaukar nauyin albashin injiniyoyi ko da aiki ko babu, ga kuɗin tura sufeto masana'antar da ke wata jiha, wanda galibi ake ɗora wa mai masana'anta. Idan aiki ya yi yawa kuma ma'aikata ba su ƙaru ba, zane na iya yin makonni yana jiran layi, kuma ga masana'anta jinkiri ya fi kuɗin rajista ciwo, domin layin aiki a tsaye yake ana biyan ma'aikata.

Babbar asarar ita ce maimaici: zane ɗaya, jihohi biyar, dubawa biyar. Jihohin Minnesota, New Jersey, Rhode Island da North Dakota sun ƙulla yarjejeniya don tambari ɗaya ya yi aiki a dukkansu. A 2021 kuma aka fitar da ma'aunai biyu, ICC/MBI 1200 da 1205, don jihohi su daidaita hanyar duba zane da masana'anta, kuma Virginia na cikin waɗanda suka karɓe su.

Ƙaramar hukuma ta huta ke nan?

Ba ta huta ba. Harsashi, turakun da ɗamarar ƙarfen da ke riƙe gidan a ƙasa, haɗa sassa biyu a tsakiya, jona wuta, ruwa da magudana, da izinin amfani da filin, duk a fili ake yinsu, kuma jiha ko ƙaramar hukuma ce ke dubawa tana karɓar kuɗin izini. Da yawa daga cikin koke-koken da ake ɗora wa masana'anta, kamar ƙofar da ta ƙi rufuwa, bangon da ya tsage, ko danshi a ƙarƙashin daɓe, daga kafawa suke tasowa: ƙasa ba ta daidaita ba, ginshiƙai sun nutse, ko ruwan sama yana kwanciya a ƙarƙashin gidan. Shirin sasanta rikici ya shafi matsalolin da aka kai rahotonsu a cikin shekarar farko bayan kafawa, don haka a rubuta koke da wuri, a ajiye kwafi.

Me mai saye zai duba, kuma tambarin yana aiki idan aka kawo gidan Najeriya ko Nijar?

A duba jan tambarin a bayan kowane sashe, a rubuta lambarsa. A ciki kuma a nemi takardar bayanan gidan, wadda galibi ake liƙawa kusa da akwatin wuta, ko cikin kabad ɗin kicin, ko wurin ajiye tufafi a ɗakin kwana. Tana ɗauke da sunan masana'anta, ranar ƙerawa, sunan hukumar da ta amince da zanen, da shiyyoyin iska, rufi da zafi da aka gina gidan dominsu. Gidan shiyyar iska ta ɗaya bai halatta a kafa shi a shiyya ta biyu ko ta uku ba. Idan tambarin ya ɓace ba a sake buga wani, sai dai a nemi wasiƙar tabbatarwa daga IBTS, kuma bankuna kan nemi ganinta kafin su ba da rance.

A wajen Amurka tambarin ba shi da ƙarfin doka. Wanda ya shigo da irin wannan gida Kano sai ya nemi izinin gini daga KNUPDA, hukumar tsara birane ta jihar, a Abuja kuma daga sashen kula da gine-gine na birnin tarayya. Wayarin gidan an yi shi ne don wutar Amurka mai bolt 120 da 240, alhali ta Najeriya da Nijar tana tsakanin 220 da 240 a kowane soket, saboda haka sai mai aikin wuta ya sake duba akwatin wutar, soket-soket da na'urorin da aka haɗa da gidan kafin a jona shi.